Asabar Ba Ta da Gobe a Vava'u

Mildura, 9 ga Yuni

Zuwa ga Goggona Kalolaine,

Gaisuwa mai tarin yawa, da ban girma irin wanda ya kamaci yayar mahaifina. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maƙwabciyarki Seini mai ɗebe miki kewa, da duk mutanen cocinmu. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin da ya sa mu gaba. Lemo ya nuna a gonaki, amma yatsun 'yan'uwanmu masu tsinkarsa duk sun tsage. Na gode Allah aikina a cikin ɗaki yake. Tsofaffin da nake kula da su suna nan, kullum da mitarsu a kan shayi.

Goggo, watan jiya Baba ya cika shekara biyu a ƙasa. Kin san ba da son raina na rasa jana'izarsa ba, takardun zamana ne ba su fito ba, in na fita ba dawowa. Yanzu sun fito. Har yau baƙaƙen kaya nake sawa in na tashi daga aiki, kuma almakashi bai taɓa kaina ba, don babu mai yanke gashin makokin uba sai yayarsa. Ya kai ƙuguna. Kowace safiya sai na naɗe shi sau uku kafin ya shiga hular aiki, kuma duk naɗi sai na tuna ki.

Na duba jirgin sama na Kirsimeti. Hawa huɗu ne kafin in taka tsibirinmu Vava'u, kuɗin kuma ya doshi dala dubu biyu da ɗari shida. Rufe wayar na yi na je na wanke fuska.

Amma akwai wata tsohuwa a nan, Beryl, shekarunta tamanin da takwas, sau goma sha tara ta shiga jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa. Ina yanke mata farce na ba ta labari, sai ta ce, "Ke yarinya, jirgin sama da na ruwa ba halinsu ɗaya ba. Na sama, in rana ta matso sai ya ɗaga hanci. Na ruwa kuwa ba ya son tashi da ɗaki babu kowa. Ki zauna ki jira shi, shi zai zo yana roƙonki." Ta ce kada in kusanci lokacin hutun makaranta, in kama ɗakin can cikin tumbin jirgi wanda ba shi da taga, in biya ko dai da saura shekara guda ko a makonni shida na ƙarshe. Wasu jiragen daga Sydney suna tsayawa a Neiafu, tashar jiragen tsibirinmu, yini guda. Kwana goma sha biyu ne tafiyar, da ci da kwana, kuma bai kai rabin kuɗin jirgin sama ba. In sauka da safe, ki yanke min gashi a kabarin Baba, in koma da yamma.

Me kika gani? Na sa hotuna uku a ciki.

'Yarki,
Lesieli

Vava'u, 4 ga Yuli

'Yata Lesi,

Takardarki ta iso ranar Alhamis, na kuma gode wa Ubangiji da kike lafiya. Mu ma muna nan. Gwiwa tana yin nata, suga yana yin nasa. Wani likitan ido ya zo daga New Zealand watan jiya, aka tara mu tsofaffi a layi. Ya haska min fitila ya daɗe yana kallo, ya yi wa ma'aikaciyar asibiti magana ƙasa-ƙasa, kamar ba ni na koya wa rabin tsibirin nan Turanci da lissafi ba. Ya ba ni ruwan ɗigawa. Seini tana gaishe ki, ta sake cewa in riƙa yi miki magana ta wayarta. Na ce a'a. Murya a waya wucewa take yi, takarda kuwa tana nan cikin Littafi Mai Tsarki duk lokacin da na neme ta.

Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban tuna ajin da na koya miki wannan lissafin ba. Kwana goma sha biyu a kan ruwa tare da baƙi masu jan hanci, awa takwas a gidan ubanki. Wannan Beryl ɗin taki, a cikin tafiya goma sha tara, akwai wadda wani yake jiranta a bakin gaɓa?

Kada ki ɗauka ban gane ba. Ni na yaye ki, ni na yi miki kitso shekara goma sha biyar. Wanda ya sauko daga jirgin sama zai yi mako biyu, sai ya zo da akwati shida, ya miƙa ambulan a kowane gida, ya kayar da alade, ya tsaya a coci a kira sunansa da abin da ya bayar. Wanda ya zo da awa takwas kuwa ba a tambayarsa tsaraba. Ba tikiti kaɗai kike yi wa ciniki ba.

Duk da haka ban hana ki ba. Zumunta a ƙafa take, in ta ruwa ƙafar za ta biyo, to, ta biyo. Amma ta yi sauri. Kuma ki daina turo hotuna, ba sa yi min amfanin komai. Fuskarki nake so a gabana, kusa, da rana.

Goggonki,
Kalolaine

Mildura, 28 ga Yuli

Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da gwiwa. Sanyi ya fara sauƙi a nan, ni ma mura ta kama ni ta sake ni.

Maganar hotunan ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Sai da na nemi wanda zai ɗauke ni a gaban cocinmu na nan don ki ga ina ɗaura tabarmata ta al'ada a ƙugu kamar yadda kika koya min. Na san har yanzu kina jin haushin rashin zuwana, kuma kina da gaskiya. Ba zan sake turowa ba.

Sauran maganar ma gaskiya ce. Kunya nake ji, Goggo. Shekara tara ina ƙasar nan, mutanen gida suna ganin kamar dala a bishiyar lemo take fitowa. In na zo hannu rabbana bayan ban ga gawar ubana ba, da wane ido zan dubi matan ƙauye? Ki bar ni in fara da awa takwas ɗin nan. In gashin ya sauka, in na cire baƙi, zan tara in zo zuwa na sosai.

Batun ido kuwa, kada ya dame ki. Duk tsofaffinmu na nan haka suke, tabarau ne maganinsa. Na saya miki guda uku a kantin magani, kowanne da ƙarfinsa, ki gwada ki ga wanda ya dace. Na lura rubutunki ya ƙara girma, har na yi dariya na ce Goggo ta koma rubutun allo. Ki rage burodi da gwangwanin nama, don Allah.

Yanzu ga albishir. Akwai jirgin da zai tsaya a Neiafu ranar Laraba, 18 ga Satumba. Abokiyar aikina Rowena ta yarda mu raba ɗaki, don mutum ɗaya kuɗin biyu ake karɓa a hannunsa. Yau farashin dala dubu ɗaya da ɗari huɗu ne. Jibi muke shiga makonni shidan da Beryl ta faɗa. Kullum da hutun rana nake buɗe shafin kamfanin, ita kuma tana daga kujerarta tana cewa, "Kada ki taɓa, bai nuna ba tukuna." Ta ce zai sauko ƙasa da dubu. Ki sa ranar a kalanda.

'Yarki mai kewarki,
Lesieli

Vava'u, 19 ga Agusta

Lesi,

Muna lafiya, Allah ya sa ke ma haka. Tabarau sun iso, na gode. Seini ta ɗauki ɗaya, matar fasto ta ɗauki ɗaya, na ukun yana kan taga.

Satumba wata ne mai kyau. Teku kwance yake, manyan kifayen nan masu feso ruwa suna nan da 'ya'yansu a mashigi, ina jin numfashinsu daga tsauni in gari ya yi shiru. Na sa an share kabarin mahaifinki Sitani, an zuba sabon farin yashi. Na ba da almakashina na ɗinki an wasa, na naɗe shi a ƙyalle. Ba zan gaya wa ƙauye ba sai ranar, don kada a tare ki da buƙatu. Za a gasa miki gwaza da kifi a rami, irin yadda kike so, da ganye da madarar kwakwa.

Ba haushinki nake ji ba. Ban san inda kika karanto wannan ba.

Na ƙirga, saura kwana talatin.

Goggonki

Mildura, 27 ga Agusta

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Ban ga amsarki ba tukuna, wataƙila tana hanya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Jirgin Satumba ya kuɓuce min. Farashi ya yi ta sauka kamar yadda Beryl ta ce, har ya kai ɗari tara da hamsin ranar Litinin. Rowena ta ce mu biya. Na ce mu ƙara kwana ɗaya, don na ga duk Talata sai ya ɗan ƙara faɗuwa. Da na buɗe ranar Talata, ɗakunan ciki sun ƙare tas, sai masu baranda, kuɗinsu ya ninka har ya wuce na jirgin sama. A ban ɗakin ma'aikata na zauna na yi kuka. Beryl ta ce ita ma sau biyu hakan ta same ta, akwai wani jirgin gobe. 

Na yi niyyar kiran Seini ta gaya miki, sai na kasa haɗa maganar a baki. Saura mako uku, takardar nan za ta riga ranar isowa.

Amma abin bai ɓaci duka ba. Kamfanin ya yi ragi a kan jirgin Fabrairu, bayan yara sun koma makaranta, dala ɗari bakwai kacal. Wannan karon ban jira kowa ba, mun biya nan take. Irin tikitin da ba a mayar da kuɗinsa ne, ba a kuma canja rana, shi ya sa ya yi araha. Zai tsaya a Neiafu ranar Asabar, 15 ga Fabrairu, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu. Wata biyar ne kawai ƙari, Goggo. Mun jira shekara biyu, wata biyar ba zai kashe mu ba.

Ki yafe min.
Lesieli

Vava'u, 2 ga Oktoba

Lesieli,

Lafiya muke. Takardarki ta 27 ga Agusta ta iso shekaranjiya. Jakar wasiƙu ta kwana a babban birni Nuku'alofa mako biyu tana jiran jirgin fito.

Ranar Laraba, 18 ga Satumba, na tashi da asuba na sa farar rigata. Mijin Seini ya kai mu Neiafu a motarsa, almakashi yana cikin jakata, abinci yana rami a gida. Jirgin ya tsaya can waje, ƙananan kwale-kwalensa suna ta kawo mutane. Na tsaya a bakin gadar sauka na ce wa Seini ta duba min mace mai baƙaƙen kaya da dogon gashi. Kwale-kwale goma sha ɗaya ta ƙirga min. Wata Baturiya ta ɗauka ni mai sayar da tsaraba ce, ta tambaye ni nawa ne tabarmar ƙuguna. Ƙarfe huɗu ya yi, muka koma gida, muka raba abincin ga maƙwabta, na ce musu murnar ranar haihuwata ce. Duk sun san a watan Maris aka haife ni, amma suka karɓa suka yi min barka.

Na yafe miki wannan. Na gaban ne nake so ki saurara.

Kin daɗe a waje har kin manta abu biyu da ɗan aji uku ya sani. Na ɗaya, Fabrairu watan guguwa ne. Kina tsammani don son ki suka rage kuɗin? Araha ba ta ado. Na biyu ya fi muni. Wa ya ce miki ki zaɓi Asabar? Jirgin Laraba in iska ta tsare shi, ya shigo Alhamis. Asabar ba ta da gobe a ƙasar nan. Ranar Lahadi ba jirgin da ke sauke mutum, na sama ko na ruwa, ba mai tayar da injin kwale-kwale, ko burodi ba a sayarwa. Beryl ba ta san wannan ba, ba laifinta ba ne. Ke kuwa a nan aka yanke cibiyarki.

Ki nemi a canja miki. In sun ƙi, ki bar musu kuɗin ki hau na sama kafin Kirsimeti. Kada garin neman gira a rasa ido. Ni ba a san ni da roƙo ba, yayar uba ba ta roƙon 'yar ƙanenta. Amma na faɗa miki sau biyu ke nan, ki yi sauri.

Zan tsaya nan, takarda ta ƙare. Layi takwas take ɗauka yanzu.

Kalolaine

Mildura, 30 ga Oktoba

Goggona,

Ina gaishe ki da kunya. Na karanta labarin gadar Neiafu sau ɗaya, na kasa maimaitawa. Da na sani ƙeya ce. Da na kira Seini, da ba ki tsaya yini guda a rana ba.

Na kira kamfanin, sun ce sharaɗin yana rubuce, ba canji. Jirgin sama na Disamba kuma ya ƙara tsada a kan na da, kuma hutuna na shekara na riga na ɗauke shi a Fabrairu, ba za a ba ni biyu ba. Ga Rowena da na ja ta biya nata. Na tambayi Beryl batun guguwa, ta ce sau huɗu ta yi tafiyar Fabrairu, sau ɗaya kawai aka tsallake wata tasha, har aka ba su dala hamsin-hamsin su sha abin sha. Na ce mata ni tasha ɗaya ce gaba ɗaya tafiyar. Sai ta buɗe durowa ta ba ni madubin hangen nesa na marigayi mijinta, ta ce in tafi da shi.

Goggo, manyan jiragen nan suna da na'urori, sun san iska tun tana nesa. In Allah ya yarda da safiyar Asabar ina gabanki. Ki daina tayar da hankalinki, yana sa suga ya hau.

'Yarki,
Lesieli

Mildura, 12 ga Janairu

Goggo,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa kin shige ta lafiya. Wata uku ke nan ban ga rubutunki ba. Na kira Seini ranar Kirsimeti, ta ce kina coci, kina lafiya, kina cin abinci. Da na tambaye ta dalilin shirun, sai ta ce layi ba kyau. In hukunci ne, na karɓa, amma ya isa haka. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Zafi ya kai arba'in da uku a nan. Gashin yana jiƙa min wuya, Rowena ta ce in rage ko kaɗan ne, ba wanda zai sani. Na ce ni zan sani. Saura kwana talatin da huɗu.

Lesieli

A cikin jirgi, Lahadi 16 ga Fabrairu, da azahar

Goggo,

Ba zan sa wannan a gidan waya ba. Zan ɗauki hotonta in tura wa Seini ta karanta miki. Seini, ki karanta duka, kada ki tsallake komai, har inda na ambace ki.

Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba, tunda na gani da idona.

Kin riga kin san yadda aka yi. Guguwa ta tsare mu a Fiji kwana guda. Ranar Juma'a matuƙin jirgi ya yi magana ta lasifika, ya ce za mu iso Vava'u Lahadi maimakon Asabar, kuma dokar ƙasar ba ta yarda a sauke fasinja ba, don haka zai bi ta tsakanin tsibirai a hankali mu ba ido abinci. Mutane suka tafa masa. Na je teburin ma'aikata na ce musu gidanmu ne, a sauke ni ni kaɗai, ko a bar wani ya zo da kwale-kwale. Yarinyar ta ba ni haƙuri da kyau, ta ce an sa wa kowa dala hamsin a katinsa. Ba laifinta ba ne. Ko sun yarda ma, na san ba wanda zai tayar da inji yau, kuma ke ce ta farko da za ki hana.

Da na aika wa Seini saƙo, ta ce za ku hau tsauni bayan an tashi daga coci. Tun ƙarfe goma na kama wuri a saman jirgi. Na sa baƙaƙen kayana, na ɗaura tabarma, na kwance gashin na bar wa iska don ki gane ni a cikin masu gajeren wando. Na fara ganin rufin coci, sannan bishiyar mangwaron makaranta. Daga nan na ga doguwar ngatu ɗinki, shimfiɗar ɓawon itacen nan wadda kika yi shekara uku kina bugun ɓawonta, mata sun shimfiɗa ta a kan dutse. Na sa madubin Beryl, sai ga ki a tsakiya cikin farar riga, kin rame, kin riƙe jakarki da hannu biyu.

Sai jirgi ya busa ƙaho. Kin san yadda dutsen bayan coci yake mayar da sauti. Duk matan suna kallonmu, ke kaɗai kika juya wajen dutsen, kika ɗaga hannu kina yi masa alama, kina murmushi, kin ba ni baya. Jirgi mai hawa goma sha huɗu yana gabanki da tsakar rana. Na ga Seini ta kama kafaɗunki ta juyo ki a hankali, ta ɗaga miki hannun zuwa inda muke. Yadda ta yi shi, na san ba yau ta fara ba.

Aikina ke nan, Goggo. Shekara tara ina lura da tsofaffin wasu, ina gane wanda idonsa ya fara tafiya tun kafin 'ya'yansa su gane. Kin ce hotuna ba sa yi miki amfani, na ce fushi ne. Rubutunki ya yi girma, na yi dariya. Kin raba tabarau, kin ce Seini ta duba miki ni, kin ce layi takwas. Duk na karanta, ina can ina ƙirga dala hamsin-hamsin da ke sauka ranar Talata. A Satumba kina iya ganina? Ki gaya min gaskiya. Kuma ina jin haushinki, ina jin haushin Seini, don kalma ɗaya a fili da ta isa.

Jirgi zai koma Sydney ranar Juma'a. Ba zan wuce Mildura ba. Na sayi tikitin jirgin sama na Litinin, ban duba wani shafi ba, ban tambayi Beryl ba, ko kuɗin ban tsaya karantawa da kyau ba. Na gaya wa shugabar aikinmu ta cire albashin. Zan sauka ranar Talata da rana. Ba akwati shida, ba ambulan. Jaka ɗaya ce da kayan da na sa a jirgi.

In ba za ki iya riƙe almakashin ba, ki ɗora hannunki a kan na Seini.

'Yarki,
Lesieli

Vava'u, 18 ga Fabrairu

Lesi,

Seini ce ke rubutawa, ni ke faɗa, ita za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki ta waya. Tana kuka tana ɓata takarda, ki yi haƙuri da tabon. Lafiyata ƙalau, ina ci ina sha. Ido ne kawai ya tafi, tun wajen Nuwamba. Na dama ya riga, na hagu ya bi shi. Kada ki ga laifin Seini, ni na sa ta ɗora hannu a kan Littafi.

Kin ce in gaya miki gaskiya. A Satumba, in kin tsaya kusa, da rana, da na ga fuskarki. Ba sosai ba, amma da na gani. Ba don in ƙona miki rai na faɗa ba, don kin tambaya ne, kuma ban taɓa ba ɗalibi makin da bai ci ba. Nawa laifin kuma ga shi. Na ce yayar uba ba ta roƙo, na zauna a kan girmana ina aika miki alamu kamar mai wasan kacici-kacici. Ke kina jiran farashi ya sauko, ni ina jiran ki gane da kanki. Duk mun yi ciniki, duk mun faɗi.

Ranar Lahadi ban ga komai ba. Na ji ƙaho, na ji ƙamshin hayaƙin jirgi. Seini ta ce akwai wani baƙin ɗigo a can sama, iska tana kaɗa gashinsa. Na tambaye ta, "Ina ya kai mata?" Ta ce da nisa, ba za ta iya faɗa ba. Na ce ta bari, zan auna da kaina.

Batun tsaraba, ki zo da hannunki biyu. Duk wadda ta tambaye ki akwati ki turo min ita, na san makin da kowace ta ci a lissafi. Ki gaishe min da Beryl, ki ce na gode da aron madubi, ya yi aikin da takarduna suka kasa. Talata rana ce mai kyau, in iska ta tsare ki akwai Laraba.

Maganar in ɗora hannu a kan na Seini kuwa, kada in sake jin ta. Almakashi yana nan cikin ƙyallensa tun Agusta, ba wanda zai riƙe shi sai ni. Shekara goma sha biyar ina kitsa kan nan, sau da yawa kafin gari ya waye, ke kina gyangyaɗi a tsakanin gwiwoyina. Na san inda makwarkwaɗarki take, na san tabon da kika samu a bishiyar mangwaro. Ki zo ki zauna a ƙasa a gabana kawai. Kada ki motsa kai, har yanzu ina ranƙwashi.

Goggonki,
Kalolaine